Baban da Ke Cikin Shafin

Tun safe kafinta yake ɓata katako. Ya auna, ya yanka, ya ga ya gajarta, ya ja tsaki ya jefar. Can sai ya ajiye zarto, ya goge hannu a riga, ya sake ciro waya.

Ƙanwarsa ce ta turo masa adireshin shafin, ko kalma ba ta ɗora a kai ba. Shafin intanet ne irin wanda mutum ke buɗe wa kansa ya riƙa zuba abin da ke cinsa a rai. Babu suna, babu hoto, kuma rubutun kaf a kan mutum ɗaya yake, wanda ake kira Baba.

"Baba yana gyaran murya a bakin ƙofa, gidan sai ya yi tsit. In ka kai masa sakamakon jarrabawa, kan maki mafi ƙanƙanta idonsa ke sauka. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni bai ce mini sannu ba. Ya shigo da guduma, ya gyara ƙafar gadona, ya fita. Har yau ƙamshin katako faɗuwar gaba yake sa ni."

Wa zai rubuta wannan in ba babban ɗansa ba? Yaron da ke jami'a, kullum kai a sunkuye kan kwamfuta, ka yi masa magana ya ce "to" ya ja bakinsa. Ashe bakin yana can yana zuba! Har da wayo, a cikin rubutun ya mai da talabijin ɗinsu rediyo, ya haƙa rijiya a tsakar gidan da famfo ne a ciki, wai don kada a gane. Kafinta kuwa ya gane kansa tun a layin farko.

Fushi ya ji, amma ciwon ya fi fushin yawa. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa titi ya dawo. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ga kamar ya karanta. Shagon nan da ya gada, inda ya fi sakewa a duniya, yau ya yi masa ƙunci. Rana ba ta raba ba ya ja ƙofa ya nufi gida.

Ya yi gyaran murya a bakin falo. Dariyar da ake yi a ciki ta ɗauke.

"Kai, zo nan," ya ce wa ɗan nasa, yana nuna masa wayar. "Ni za ka kai bainar jama'a ka yi wa tsirara?"

Yaron ya duba, ya ɗago. "Baba, wallahi ban san wannan shafin ba."

"Ko ka goge shi yanzu, ko ka tattara kayanka ka bar mini gida."

Uwar yaron ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu, ta haɗiye maganarta. Yaron ya juya ya shige ɗaki. Kafinta ya jira a zo a ba shi haƙuri. Ƙarar zip ɗin jaka ya ji.

Yana tsaye a ƙofar gida yana huci wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwar ce.

"Yaya, ka karanta kuwa? Na ji ka shiru."

"Na karanta. Na gode da kika tona mini asirinsa. Yanzun nan na yi maganin ɗan banza."

Yaron ya fito da jaka a kafaɗa, ya raɓa ta gefensa, ya miƙe titi bai waiga ba.

"Maganin wa?" ta ce. "Yaya, shafina ne fa. Na turo maka ne don kai kaɗai ka rage wanda ya tashi tare da ni a gidan nan. Duk labarin Babanmu ne, Allah ya jiƙansa."