Takalmin Ƙarfe a Filin Sukuwa

Kai da ba ka son gyara, matso ka ji. An yi wani mahayin sukuwa, mutum mai ji da kansa, wanda ko inuwarsa ya gani sai ya gyara zama a kan sirdi. Wata rana ya je kallon ƙwallon dawaki a birni, ya ga kowane doki da takalmin ƙarfe. Bai kwana ba sai da ya sa maƙeri ya buga wa baƙin dokinsa, akawali, guda huɗu. Gari ya ɗauki musu: wasu su ce ƙarfe ke riƙe doki a kan ciyawa, wasu su ce filinmu yashi ne, a yanke kofato daidai a bar dabba yadda Allah ya yi ta. Shi kuwa gogan sai ya riƙa bi ta kan kwalta, don kowa ya ji ƙwas-ƙwas.

Ana saura kwana goma gasa, abokin karawarsa ya tsaya bakin rijiya yana duban sawun akawalin a danshi. Ya ce wa gogan, "Mutumina, ƙafar baya tana cim ma ta gaba. Cire ƙarfen nan kafin ya tsinke masa jijiya." Gogan ya ce a ransa, ji hassada! Wato wanda zan bari a baya shi ne likitana? Kwana biyu da haka ya sauko daga kilisa, ya ga jini sharaf a dugadugan gaba, saura kamar faɗin yatsa a kai ga jijiya. Ya ja linzami ta bayan gari, wai kada a gan shi, har ƙofar mutumin. Wannan bai ce masa "na faɗa maka" ba. Ya durƙusa ya zare ƙusoshi, ya rage kofaton baya, ya wanke ciwon da ruwan gishiri.

Ranar sukuwa mai gyaran ne ya zo na ɗaya, akawali na biye da shi, ƙafa huɗu lafiya lau. Har gobe gogan cewa yake da gangan ya sassauta linzami, don bai iya cin wanda ya yi masa alheri ba. Amma duk kaka, damin harawa mafi kyau a gonarsa gidan mutumin nan yake kai wa, da kansa, ta tsakiyar kasuwa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.