Satar Mutum ta Wasa a Bakin Kasuwa

Tunda kai ma ka fara riƙe kyamara, zauna in ba ka misali. Wasu ɗalibai ne malaminsu ya sa su haɗa farkon fim mai tayar da hankali, irin wanda mai kallo zai kasa ƙifta ido. Shugabansu, wani saurayi mai ji da kansa, ya ce za su nuna yadda ake sace budurwa da rana tsaka a bakin kasuwar wata unguwa, kuma ba wanda za a gaya wa. Yarinyar da za ta fito a matsayin wadda aka sace 'yar unguwar ce. Ta ce masa bara ma an ɗauke ɗan mai markaɗe a layin nan, har yau uwarsa ba ta daina leƙen hanya ba, don haka a fara sanar da mai unguwa. Ya yi mata dariya, ya ce, "In sun sani, fuskarsu za ta yi ƙarya. Ni tsoro na gaske nake so." Ka ji fa! Fargabar bayin Allah ta zama kayan miyarsa. Ta haɗiye maganarta don kada a ce ita ta ɓata aiki.

Ranar ɗauka ya haye saman wani bene da kyamararsa. Abokinsa, mai sanyin hali wanda ko kaza bai taɓa yankawa ba, ya naɗe fuska da rawani, ya diro daga a-daidaita-sahu ya fizgi hannun yarinyar. Ta ƙwalla ihun da aka koya mata. Kafin ta rufe baki kasuwa ta rufto musu: mahauta, masu faskare, har mai tuyar awara da matsaminta. Yarinyar ta faɗa kan abokin don ta kare shi daga duka, tana kuka tana rantsuwa wasa ne, amma wa zai saurare ta? Sai da wani dattijo ya gane 'yar gidan wane ce, ya shiga tsakani, aka janye abokin nan haƙora a zube, hannu a karye. Can gefe mai markaɗe, uwar yaron da aka ɗauke bara, ta zauna dirshan a ƙasa tana kiran sunan ɗanta. Yarinyar ta ɗaga kai, ta hango shugaban nasu. Bai sauko ba. Yana maƙale a bayan bango, kyamara na ci gaba da ɗauka.

Makaranta ta kore shi, fim bai fito ba. Da ya lallaɓa asibiti, mahaifiyar abokin ta yaye mayafin da aka lulluɓe ɗanta da shi, ta nuna masa raunukan, ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai kyamarar?"

Gaskiyar Bahaushe: in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.