Ɗan Kokawa da Gwiwarsa ta Hagu

Tunda ka ce na'ura ba ta san zuciyar namiji ba, Malam Tanimu, bari in ba ka wani misali, sai ka yanke hukunci da kanka.

An yi wani ɗan kokawa a wani ƙauye na bakin fadama, ƙato ne, shekara bakwai bayansa bai taɓa ƙasa ba. In kaka ta yi aka share fili, makaɗa ba su da kirarin da ya wuce nasa. Wata shekara ya gurɗe a gwiwar hagu garin ɗaga abokin karawa. Maɗori ya ɗaure masa, ya yi wata biyu yana dogara sanda, sannan ya yar da ita ya ce ya warke. Kowa ya yarda, don ko ɗingishi ba ya yi. Ana nan aka zo neman waɗanda za su wakilci jiha a babbar gasa, sunansa aka fara rubutawa. Sai dai akwai sharaɗi: kowa sai ya bi ta ɗakin gwajin 'yan wasa a birni.

Ya shiga ɗakin yana murmushi. Aka auna tsayinsa da nauyinsa. Aka rufe masa hanci da baki da wani abu mai dogon tiyo, ya yi gudu a kan bel mai tafiya. Aka ba shi wani ƙarfe ya matse da hannu har allurar ma'aunin ta kusa ƙurewa. A duk waɗannan ya wuce sa'o'insa. Daga ƙarshe likitar da ke kula da gwajin, wata mace marar yawan magana, ta zaunar da shi a kan kujerar ƙarfe, ta ɗaure masa ƙafar dama ta ce ya tura iya ƙarfinsa. Ya tura. Ta ɗaure ta hagu, ya tura. Ta maimaita har sau uku, sannan ta juyo masa da allon na'urar. Layi biyu ne, ɗaya ya hau kamar tsauni, ɗayan ya sare tun bai kai kafaɗar ɗan'uwansa ba.

Ta ce, "Malam, ƙarfin ƙafarka ta hagu bai kai biyu bisa uku na ta dama ba. Ba zan sa maka hannu bana ba. In ka shiga fili da ita haka, ba gasar kaɗai za ka rasa ba."

Ya ce, "Likita, kin taɓa ganina a fili kuwa?"

Ta ce, "Ban taɓa ba. Gwiwar dai na gani."

Ya fito zuciyarsa na tafasa. Tun a mota yake faɗin 'yan birni sun haɗa baki ne don su ba nasu gurbinsa, mutanen gari kuma suka taya shi zagi. Ran kwana na huɗu ya saɓa buhun gero zai hau tsani ya zuba a rumbu, sai ya lura duk matakin da zai taka da dama yake farawa, hagu bin baya kawai take yi. Ya sauko. Ya sa hagu a gaba ya yunƙura. Gwiwar ta kama rawa kamar ta ɗan akuyar da aka haifa yanzu, gumi ya keto masa, buhu ya sulale ƙasa. Ba kowa a wurin sai kaji. Ya zauna a gindin rumbun ya daɗe, don a nan ya gane tun ranar da ya yar da sanda, ƙafarsa ta dama ce ta zama sandar.

Washegari ya koma birni, ya yi sallama a bakin ɗakin nan, ya ce ta nuna masa abin da zai yi. Abin da ta nuna masa kuwa har kunya ya ba shi: jan roba da ƙafa, da tsugunno da ƙafa ɗaya yana dafe da bango. Gasa ta wuce ba shi, a rediyo ya ji sunan wanda ya tafi a madadinsa. Makaɗa suka koma wa wani, a majalisa aka fara cewa zamaninsa ya wuce. Kullum ya idar da sallar asuba sai ya ɗaura tsohuwar robar cikin tayar keke a gindin darbejiya, ya yi ta ja da hagu har cinyar ta ɗauki zafi. Daga nan ya koma hawan tudun yashi, da farko hannu rabbana, daga baya da rabin buhu a kafaɗa. Duk bayan wata biyu ya je a auna shi. Zuwan farko layin ya ɗan ɗaga. Zuwa na biyu ko motsi bai yi ba, ya dawo gida ko tuwo bai iya ci ba, amma da gari ya waye matarsa ta jiyo kukan roba a gindin darbejiya. A zuwa na huɗu layukan biyu suka tafi kafaɗa da kafaɗa. Likita ta dube su, ta dube shi, ta jawo biro.

Da gasa ta zagayo, wanda aka fara haɗa shi da shi ya riga ya ji labarin gwiwar. Ana busa usur mutumin ya duƙa ya rungumi ƙafar hagun nan, ya zuba mata duk nauyinsa. Ƙafar ta tsaya kamar turke. Ɗan kokawan namu ya cafki ƙugunsa ya ɗaga shi sama, ya shimfiɗa shi a kan yashi. Bai ɗauki kofi a shekarar ba, na biyu ya zo, amma ya ƙara shekara shida yana kokawa, kuma ranar da ya bar fili da ƙafafunsa biyu ya fita.

Da ya riƙe maganar likitar nan a matsayin cin fuska, da a kan kafaɗun mutane za a fitar da shi. Ai dama Hausawa sun ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.