Jakar Mamaci Ba a Buɗe Ta a Kan Dutse

Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke gawar tun da hantsi, ya bar musu jakar. Matuƙin ya ce gajimare na rufowa, ba zai ƙara ko tsinke ba.

Jakar goyo ce irin ta masu kwana a daji, shuɗiya, doguwa, da tanti ɗaure a ƙasanta. A gindin kwazazzabo suka tsince ta, nesa kaɗan da inda mai ita ya tsaya da gangarowa. Ko yagewa ba ta yi ba. Jakunkunan yanzu sun fi masu su ƙwari.

Masu ceto na wannan kwari na duwatsun Făgăraș suna da al'adarsu, ba wanda ya rubuta ta, ba kuma mai ƙetare ta. Jakar mamaci ba a buɗe ta a kan dutse, ba a raba kayanta don rage nauyi. Yadda ya ɗaure ta da hannunsa, haka mutum ɗaya zai goyo ta har ƙasa, shugaban ayari ya miƙa wa danginsa a ƙofar ofis.

Tavi, shugaban ayarin, ya sunkuya zai ɗauka. Rodica ta riga shi.

"Bar min ita, Rodica. Yau ma ba ranar aikinki ba ce."

"Na riga na ɗauka."

"Gwiwarki fa?"

"Tana nan inda take."

Maɗaurin ƙugun ya ƙi shiga. Tavi ya miƙo hannu zai taimaka, sai ta karkata maɗaurin gefe ta danna da babban yatsa, ya shige. Suka kama hanya su biyu, sauran sun yi gaba da igiyoyi.

Jakar ta dogon mutum ce, Rodica kuwa gajera. Duk taku sai gindin jakar ya doki cinyarta, samanta ya dungure mata ƙeya. Ba ta ji zafi ba. Ba ta ji sanyi ba, ba ta ji yunwa ba, ko da yake rabonta da abinci tun jiya. Tana ganin ƙafafunta suna taka tsakuwa kamar na wani ne aka ba ta aro.

Ta tsufa a aikin nan, ta san abin da ke jira a ƙasa. Ta ga uwar da ta zube a ƙofar ofis. Ta ga uban da bai tambayi komai ba sai makullin mota. Ta ga matar da ta cusa fuska a jakar tana shinshina. Tavi, wanda ke sauka rami da igiya yana waƙa, a ƙofar nan kaɗai muryarsa ke rawa.

A mashigin rafi dutse ya zame mata. Da ta bar jikinta, ta baya za ta faɗi, jakar ta tare mata. Sai ta murɗa ta faɗi ta gaba, a kan gwiwar da ba ta da lafiya. Wandonta ya yage, jini ya biyo ƙwauri. Jakar ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

"To ki ba ni tantin kawai," in ji Tavi. "A waje yake, ba a ciki ba. Wa zai ce mun karya doka?"

"Shi ya ɗaure shi," ta ce. Ta miƙe.

Da suka kai makiyaya, karnuka suka taso, Baba Traian ya kore su da sanda. Tsohon makiyayi ne, bakinsa ba ya hutawa, ko tumakinsa sun gaji da shi.

"Rodica, ke ce kika ɗauko jakar ko ita ta ɗauko ki? Ko miji kika tsinto kika cusa a ciki? In haka ne me ya hana ki ɗauke ni, ga ni ba nauyi."

Ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya dubi Tavi, ya dubi jakar, ya tuna ƙarar jirgin da ya wuce ta kansa. Ya cire hula ya yi alamar gicciye.

"Wani ne kuma? Yaro ko babba?"

"Matashi," in ji Tavi, idonsa a ƙasa.

"Ba sa jin magana, yaran nan. Kullum ina faɗa musu dutsen nan ba filin ƙwallo ba ne. Allah ya ba uwarsa haƙuri."

"Amin," in ji Rodica.

Tsohon ya yanko cuku ya miƙa mata. Ta karɓa ta riƙe a hannu, har suka shiga kurmi ba ta kai baki ba. Daga nan gwiwar ta kumbura, tana jan ƙafa. Tavi bai sake roƙonta ba, ya dai koma bayanta yana tafiya da hannu a buɗe ko za ta faɗi.

Da la'asar suka iso. Sauran masu ceton sun jeru a ƙofar ofis, huluna a hannu. Babu baƙuwar mota a farfajiyar.

Tavi ya zare jakar daga kafaɗunta a hankali. Iska ta bugi bayanta inda gumi ya jiƙa. Ya rungumi jakar, ya je ya tsaya a bakin ƙofa inda ya saba tsayawa, ya gyara murya, muryar ta ƙi gyaruwa.

"Mun je, mun same shi, mun makara. Ga kayansa, ba wanda ya buɗe."

Rodica ta goge tafukanta a jikin wando, ta matsa gaba, ta sa hannu biyu ta karɓi jakar ɗanta.