Amos Ya Ƙi Sauka

Malama Liatu ta baro ɗalibanta a aji, ta faɗa gidan Tasalla mai rainon yaran ma'aikata a Malumfashi, ko sallama babu. An gaya mata ɗanta Amos ba ya sauka daga bayan matar nan, har Mama yake kiranta.

Laifi ta zo nema, don ta ɗauke shi. Ta tarar da rijiya a rufe, murhu a killace, kwalbar kananzir can sama inda hannun yaro ba ya kai. Haushi ya ƙara turnuƙe ta.

Ga Amos a goye yana barci. Ya motsa, ya ce, "Mama."

Liatu ta dubi Tasalla ta ce, "Inna, kin ji ko? Ni na haifa, ke kika samu!"

Tasalla ta kwance goyon, ta kwantar da shi. Bai farka ba, amma hannunsa ya ƙi sakin zanen.

"Ba ni yake kira ba, Malama. Duba da kyau, zanenki ne da kika manta. Ranar da na wanke shi ƙanshinki ya fita, wuni yaron nan ya yi bai sha kunu ba."