Fili Mai Taya Biyu

Mai kekuna ya ɗaga keken da hannu ɗaya, ya juya tayar baya, ya saurari ƙararta, sannan ya faɗi farashi. Malama ta ɗauka ba ta ji daidai ba, saboda jiniyar motar asibiti da ta shige babbar ƙofar da ke tsallaken titi.

"Sake faɗa, Malam."

Ya sake. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da maigidanta ya ce ya saye shi ba.

Ba da ka ta zo ba. Ƙaninta ya bincika mata: keken hawan dutse mai tsada yakan zubar da sulusin kuɗinsa a shekarar farko, a ta biyu ya koma rabi. Rabin nan ta zo karɓa. Shi zai biya wa 'yarta kuɗin shekarar ƙarshe a jami'a, kuma ranar Juma'a za a rufe rajista.

Shekara tara suka yi suna tara kuɗin fili, ita da albashin koyarwa, shi da na ofis. Rana ɗaya ya turo keken nan tsakar gida, ya ce likita ya ba shi shawarar motsa jiki. Da ta tambayi kuɗinsa, ya faɗa yana kallon ƙasa. Rabin ajiyarsu ke nan. Sauran rabin ya bi baya kaɗan-kaɗan, yau birki, gobe sarƙa, jibi wani ƙarfe da sai an yi odarsa.

Ba ta yi ihu ba, ba halinta ba ne. Suna kawai ta raɗa wa keken.

"Ga filinmu can jingine da bango," takan ce in an yi baƙi. "A hankali, kada ku taka mana harsashin gini."

Baƙi su yi dariya. Shi ma ya yi.

Duk Asabar da safe yakan sa keken a bayan mota ya tafi duwatsun bayan gari. La'asar ya dawo da laka har sirdi, ya zube a kujera, ko abinci ba ya iya kallo. Ya aske kansa ƙwal, wai hular kwano na sa shi zufa. Ya rame har sai da ya ƙara huji biyu a bel ɗinsa.

"Motsa jiki ya karɓe ka," ta ce masa wata rana. "Saura kaɗan iska ta ɗauke ka, mu huta da sayen sarƙa."

Wata huɗu ke nan da ya kishingiɗa bayan azahar bai tashi ba. Ta yi kuka iya kuka, amma ko a cikin kukan, in idonta ya faɗa kan keken sai ta kau da kai don haushi. Jiya da ta zo goge shi ta ga ɗan tambarin wannan shago manne a ƙarƙashin sirdi.

"Allah ya jiƙansa," in ji mai kekuna, yana share hannu da tsumma. "Mutumin kirki ne."

Ba ta tsaya tunanin yadda ya san da rasuwar ba. Ranta ya riga ya ɓaci.

"Kirkin ne ya sa za ka cuci marainiyarsa? Na san irinku. In za a saya a hannunku zinariya ne, in an dawo da shi ya zama gwangwani. Ko rabi ba ka ce ba, ko sulusi. Wane irin faɗuwa ce wannan, daga sama ya faɗo?"

Dattijon ya ajiye tsumman. Ya durƙusa, ya kankare busasshiyar laka daga tayar gaba da farcensa. Ƙananan gashin roba irin na sabuwar taya suna nan tsaye, ko ɗaya bai cinye ba.

"Malama, duba nan. Tayar da ta hau dutse sau ɗaya ba ta zama haka."

Ta duba. Ba ta gane ba.

"Keken nan bai faɗi ko sisi ba. Abin da na faɗa miki, shi marigayi ya ba ni. Mai araha ne, fenti ne kawai ya yi masa ado." Ya miƙe da ƙyar, ya juya fuskarsa ga babbar ƙofar asibitin da ke tsallaken titi. "Ya sa na yi masa alkawarin yin shiru muddin yana raye. Duk Asabar a nan yake ajiye shi, ya tsallaka can a ɗaura masa ruwan maganin ciwon daji, lakar kuwa ni nake shafa wa keken da hannuna kafin ya fito."