Saniyar Suruki

Akwai nauyin bakin da ladabi ne, akwai kuma wanda ɓarna ce sanye da rigar ladabi. Ga misalin na biyun.

Wani manomi ne yake da shanun huɗa biyu, da 'yan tumaki, da wata tsohuwar goɗiya da ya gada. Mutum ne mai tsari: kowace dabba da turkenta, igiyoyinsa a naɗe, harawarsa a kan rumfa tun kafin raɓa ta ɗauke. Da kaka ta yi, an yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, sai ga surukinsa, uban matarsa, ya taso daga wani ƙauye na hayin kogi yana jaye da farar saniya. Suka gaisa a zaure, manomin a durƙushe idonsa a ƙasa, tsohon yana kallon bango. Da zai tafi ya ce, "Ga wannan ta kwana biyu a wurinka. A duba mini ita." To, duba kalma ce mai fuska biyu: akwai duban makiyayi, akwai duban likita. Manomin bai tambayi wanne ake nufi ba, don ba a ja wa suruki magana. Ya ce, "An gama, Baba." Ya ɗaure ta a tsakanin shanunsa, a inuwar da ta fi sanyi, kada a ce ya ware dukiyar suruki. Da safe yana zuba musu dusa ya ji ta yi tari, busasshe, gajere, irin wanda dabba ke miƙa wuya kafin ta yi shi. Ya tsaya da ƙwarya a hannu. Ya san tarin nan, shi ya cinye garken mahaifinsa. Amma ya ce wa ransa ƙaiƙayi ne ya sarƙe ta.

A makon nan aka yi shela malamin dabbobi zai zo, kamar yadda yakan zo duk kaka kafin a saki dabbobi cikin karan gona su cakuɗu da na baƙin makiyaya. Aka taru a gindin tsamiya. Malamin yana ɗura wa tumaki maganin tsutsar da suka kwaso a ciyawar damina, yana yi wa shanu allurar ciwon huhu, yana ɗaga kofaton dawaki yana cire musu kaska. Ya ɗaga murya ya ce, "Duk mai dabbar da ke tari ko ta ƙi ci, ya fito da ita gefe. Allurar nan ta masu lafiya ce, marar lafiya maganinsa daban." Manomin ya ji sarai. Sai dai ya riga ya hango abin da zai biyo baya: a ware saniyar a gaban gari, a ce surukin wane ya kawo musu cuta, matarsa ta tsinci zancen a bakin rijiya. Don haka tun da sassafe ya mayar da ita bayan rumbu, ya kare da zana. Malamin ya buɗe bakin goɗiyarsa ya yi dariya, "Wannan ta girme ni, amma ta fi ni haƙora. Su ke nan, Malam?" Manomin ya ce, "Su ke nan."

Allura takan hana cuta shiga, ba ta fitar da wadda ta riga ta yi masauki, ga shi kuwa shanun sun sha numfashin baƙuwar a inuwa guda. Kafin a gama kwashe dawa saniyar ta kwanta, ba ta tashi ba. San huɗar da ke hannun dama a garma ya bi bayanta. Ɗayan ya rayu, sai dai garma ba ta tafiya da sa ɗaya. Manomin ya ƙetare kogi ya durƙusa a zauren tsohon ya faɗi abin da ya faru. Tsohon ya tambaya, "Shi malamin me ya ce a kanta?" Manomin ya ce, "Ban kai ta ba, Baba. Na ji nauyin a ambaci sunanka." Tsohon ya sauke numfashi. "Ai don shi na kawo ta, ɗana. Mu nan ba ya ƙetaro mana kogi. Ni ma nauyi na ji in ce na shigo maka da marar lafiya gida." Suka zauna, ɗaya yana kallon ƙasa, ɗaya yana kallon bango, kowa ya kare mutuncin ɗan'uwansa, turaku biyu kuwa babu komai.

Shi ya sa magabata suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.